Tashar jirgin Jamra a Minna: me ya sa layin bai ƙarasa Harami ba?

Nura Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da jirgin ƙasan da ke jigilar alhazai tsakanin Minna da Muzdalifa da Arfa. Tasharsa ta ƙarshe tana jikin wurin jifa, an ɗage ta sama a kan ginshiƙai, motoci da mutane suna wucewa ta ƙarƙashinta. An ce mako guda kacal yake aiki a shekara, kuma da ya zo Jamra shi ke nan, bai shiga cikin Makka ba balle ya kai Harami. Ni dai a ganina, in an kashe dukiya mai yawa haka, ya kamata ya ɗauki mutum daga Arfa har ƙofar masallaci. Waɗanda suka sauke farali da masu ilimin abin, don Allah ku fahimtar da mu.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam Nura. Abin da ka ji gaskiya ne, amma bari in fara da yadda aka yi layin, don amsar tambayarka tana cikin tarihinsa.

An sa hannu a kwangilar a watan Fabrairun 2009, zamanin Sarki Abdullahi, aka ba kamfanin CRCC na ƙasar Sin a kan Riyal biliyan 6.65. Kafin shekara biyu ta cika jirgi ya fara tafiya, a hajjin 2010, wato 1431. Duk wanda ya san aikin layin dogo ya san wannan sauri ba ƙarami ba ne, kuma kamfanin da kansa ya sanar a ƙarshen 2010 cewa zai tafka asarar da ta haura yuan (kuɗin Sin) biliyan 4 a aikin. A shekarar farko kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa aka yi amfani da shi, sai a 2011 ya fara aiki sosai.

Tsawon layin kilomita 18 ne da 'yan kai, tashoshi 9: uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Minna. Wadda kake magana a kanta ita ce Minna ta 3, ita ake kira tashar Jamra. Jirage 17 ne, kowanne tarago 12, kowanne yana ɗaukar mutum 3,000. A awa guda layin yana iya kwashe mutum 72,000 zuwa ɓangare ɗaya. Daga Minna zuwa Arfa minti 20 ne ko kusa da haka.

Dalilin ɗaga shi sama kuwa a fili yake. Minna kwari ne tsakanin duwatsu, kuma shari'a ta yi masa iyaka, ba a faɗaɗa shi. Duk taƙin ƙasar da layin dogo ya ci, wurin tantin wasu ya ci. Sannan in ka shimfiɗa shi a ƙasa ka datse hanyar masu tafiya da ƙafa, waɗanda su ne mafi yawa.

Hajiya Rabi:
Injiniya duk lissafin nan naka na yarda da shi, amma ni a sama na riƙa hango jirgin nan yana wucewa, ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Mu a motar safa aka kai mu Arfa, a cikinta aka dawo da mu Muzdalifa bayan dare ya yi nisa. Jifa kuwa a ƙafa muka yi ta zuwa, tantinmu yana can ƙarshen Minna ta wajen Muzdalifa. Akwai wata baiwar Allah a ɗakinmu, ta girme ni nesa ba kusa ba, ranar farko ta je da ƙyar, washegari ƙafa ta kumbura dole ta wakilta ɗanta. Kuka ta riƙa yi don ta so ta yi da hannunta. To ni tambayata ba ta Harami ba ce tukuna. Wa aka yi wa jirgin?

Abu Yasir (Makka):
Sannu Hajiya, Allah ya karɓa. Ni a nan aka haife ni, kakanninmu daga ƙasar Hausa suka zo, don haka abin da kika faɗa ina ganinsa duk shekara.

Ba jirgi ba ne da mutum zai je taga ya sayi tikiti ya hau. Ana raba kujerun ne tun kafin aikin hajji ta hannun kamfanonin da ke yi wa alhazai hidima, a ba alhaji abin ɗaurawa a hannu, da shi yake shiga ƙofa. Kuma abin da aka fi dubawa shi ne inda tantinku yake. Layin ya bi gefe ɗaya ne na Minna, wanda tantinsa ke kusa da tasha shi ake sa wa a tsarin jirgi, wanda ke ɗaya gefen a sa shi a tsarin mota. A shekarar farko ma alhazan cikin gida da na ƙasashen yankin Gulf ne aka ɗauka, daga baya aka shigar da na wasu ƙasashe.

Ko da jirgin ya yi aiki iya ƙarfinsa, ba zai kwashe kowa ba. Daga faɗuwar rana a Arfa zuwa tsakar dare awa nawa ne? Ki ninka da 72,000, ki kwatanta da mutum kusan miliyan 2. Wani kaso ne kawai zai samu.

Hajiya Rabi:
Na gane ɗana. Amma ka ga ai maganar ta koma kan wa aka ba tanti kusa, wa aka kai nesa. Shi wanda tantinsa ke nesa da Jamra shi ya fi bukatar jirgi, ba wanda ke kusa ba.

Nura Gwale:
Hajiya ta taɓo inda ya fi nawa muhimmanci. Amma Yaya Bashir har yanzu ina jiran batun Harami.

Injiniya Bashir:
Ina zuwa ƙanena. Ka daina kallon tashar Jamra kamar tashar jirgin cikin gari irin na Dubai ko Alƙahira, inda mutane ke hawa su tafi aiki su dawo. Wannan an gina ta ne a matsayin wani sashe na gadar jifa, don a tsara yadda mutane ke isa wurin.

Ka tuna abin da ya riƙa faruwa a wannan wuri. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim, hanyar masu tafiya a ƙafa da aka huda cikin dutse a wajen Minna. A 1994 kusan 270 a wurin jifa. A 2004 kusan 250. A Janairun 2006, ranar 12 ga Zulhajji bayan zawali, sama da 340 a bakin gadar. Bayan wannan ne aka rushe tsohuwar gadar, aka gina ta yanzu mai hawa biyar, tsawonta mita 950, faɗinta mita 80. Tun kafin nan ma an riga an mayar da ginshiƙan da ake jifa suka zama dogayen bango, don mutane su bazu a jikinsu maimakon su taru a wuri guda.

Hikimar sabuwar gadar ita ce kowane hawa da hanyar da ake shigo masa, kuma mai shiga ba ya haɗuwa da mai fita. Tashar jirgin tana haɗe da hawa na huɗu. Wanda ya sauka daga jirgi ba ya sauka ƙasa ya cakuɗa da masu zuwa a ƙafa. Daga tasha zai bi hanyarsa a sama, ya yi jifansa, ya juyo. Mutum 3,000 ne ke sauka a lokaci guda, sai an ɗan jima wasu 3,000 su iso. Ma'ana hukuma tana riƙe da adadin masu shiga wannan hawa a hannunta, in ta ga an cika sai ta jinkirta jirgi. Wannan ba ya yiwuwa da taron da ke tafe a ƙafa.

To yanzu ka ɗauka an miƙa layin zuwa Harami. Ranar sallah kowa yana gama jifa ɗawafin ifala yake nufa. Jirgin da ke kawo dubun dubatan mutane a awa guda ya riƙa sauke su a bakin masallaci, alhali filin ɗawafi yana da iyakar abin da yake ɗauka, kamar ka juye durom na ruwa a kwalba ne. Wannan fahimtata ce a matsayin mai aikin gini, ba sanarwar wata hukuma ba. Tafiyar kilomita huɗu zuwa biyar ɗin nan da ke tsakanin Jamra da Harami, duk da wahalarta, ita ke rarraba mutane su iso kaɗan-kaɗan.

Sadiya M.:
Injiniya ka yi haƙuri, ban gamsu ba. Kana cewa wahalar tsofaffi ita ce maganin cunkoso? Ai jirgin da za a iya jinkirta shi a Jamra, za a iya jinkirta shi a hanyar Harami ma. Kuma in har jirgin da gadar sun magance matsalar, me ya faru a 2015? Shekara biyar ke nan da fara aikinsa.

Injiniya Bashir:
Batunki na farko yana da ƙarfi Malama Sadiya, kuma su ma masu tsara garin ba su ce kada jirgi ya shiga Makka ba. Tun 2012 aka amince da shirin gina layuka huɗu a cikin birnin, sai dai har yau ba su tabbata ba. Makka gari ne na duwatsu, kusa da Harami kuma babu filin ɗaga layi sama, sai dai a huda ƙasa, kuɗin kuma ya ninka. Abin da nake cewa shi ne wannan layin na Masha'ir, wato na Minna da Muzdalifa da Arfa, yadda aka ƙera shi don kwasar taro a dunƙule, ba shi ne ya dace da ƙofar masallaci ba.

Na 2015 kuwa, ki duba inda ya faru. Ranar 24 ga Satumba, a mahaɗar titi na 204 da na 223, a ƙasa, cikin tantunan Minna. Ba a kan gada ba, ba a tasha ba. Taro biyu ne na masu tafiya a ƙafa suka yi karo. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769, ƙidayar da kamfanonin dillancin labarai suka haɗa daga sanarwar ƙasashe ta haura 2,000. Wato haɗarin ya tashi daga wurin jifa ya koma kan hanyar zuwa wurin jifa. Ni a wurina wannan hujjar Hajiya Rabi ce, ba hujjar cewa jirgin ba shi da amfani ba.

Hajiya Rabi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar muka rasa Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin, da ɗaruruwan mutanenmu da ba a san sunayensu a jarida ba. Kusan kowace jiha sai da aka yi zaman makoki. Allah ya karɓi shahadarsu.

Sadiya M.:
Amin Hajiya. To ka gani Injiniya, 'yan Afirka da Iraniyawa suna cikin waɗanda suka fi yawa a mamatan nan. Shi ya sa zuciyata ba ta kwanciya in na ji ana yabon jirgi ba a ambaci waɗanda ke ƙarƙashinsa ba.

Alhaji Isufu Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ra'ayina dabam ne da naku duka. Kakana a ƙafa ya tafi, ya bi ta Chadi ya shiga Sudan, yana tsayawa yana noma yana neman guzuri, har ya kai bakin teku ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru ya yi kafin ya dawo, wasu abokan tafiyarsa a Sudan suka zauna, zuriyarsu na can har yau. Mu kuma yanzu awa biyar a jirgin sama, muna kukan tafiyar Minna zuwa Jamra. Ni da ƙafata na yi daga Arfa zuwa Muzdalifa, kuma ban taɓa jin abin da na ji a wannan daren ba, ana ta talbiyya cikin harsuna iri-iri. Ina tsoron kada sauƙin ya yi yawa har mu rasa ruhin abin. Lada ai gwargwadon wahala take.

Malam Habu Zariya:
Alhaji Isufu, Allah ya ji ƙan kakanka, ya ba shi ladan kowane taku. Amma a yi hattara a nan. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kan taguwarsa ya tafi Arfa, a kanta ya yi tsayuwa, a kanta ya jefi Jamratul Aƙaba ranar sallah. Malikiyya ma hawa suka fifita a kan tafiyar ƙafa a aikin hajji saboda wannan. Wahalar da ake samun lada a kanta ita ce wadda ibada ta zo da ita, ba wadda mutum ya nemo wa kansa ba. Wanda ya samu jirgi ya hau, hajjinsa bai ragu da komai ba. Kai da Allah ya ba ƙarfi ka taka, madalla.

Abin da nake so masu hawa jirgin su kula da shi shi ne lokaci, domin jadawalinsa ba a kan mazhaba ɗaya aka tsara shi ba. Tashi daga Arfa sai bayan faɗuwar rana, wannan ya yi daidai da mu, don a wurin Imam Malik rukunin tsayuwa shi ne a riski wani yanki na dare a Arfa. A Muzdalifa wajibi ne a sauka gwargwadon sauke kaya, kwana kuma sunna ce, jirgin kuwa yana sauke mutane a can, ba wucewa yake da su ba. Inda ake samun ruɗani shi ne bayan tsakar dare, lokacin da ake fara kwasar mutane daga Muzdalifa zuwa tashar Jamra. Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta jifan Aƙaba daga rabin dare. A Malikiyya lokacinsa yana shiga ne da fitowar alfijir. Barin Muzdalifa da dare ga masu rauni ya tabbata, Annabi ya yi wa Nana Sauda izini, ya kuma tura Ibn Abbas tare da raunanan iyalinsa. Amma isa wurin dabam, yin jifan dabam. Sai mutum ya tambayi malamin tawagarsa tun suna masauki, kada ya bari sai yana kan hawa na huɗu askarawa suna cewa a yi gaba.

Nura Gwale:
Allah ya saka da alheri Malam. Jifa daga hawa na huɗu fa, ya inganta? Na ji wasu suna cewa sai a ƙasa.

Malam Habu Zariya:
Ya inganta. Abin nema shi ne tsakuwa ta faɗa a wurin da aka keɓe, kuma an gina kowane hawa ta yadda duk a can take ƙarewa. Wanda ya yi jifa a kan raƙumi ma ai daga sama ya jefa.

Alhaji Isufu Maraɗi:
Na karɓa Malam, ilimi ya fi ra'ayi. Sai dai ina roƙon matasa masu lafiya, in kujera ta yi kaɗan, su bar wa iyayensu.

Abu Yasir (Makka):
Baba Alhaji, da za a iya musanya haka da an huta, amma abin hannun da sunan tanti yake tafiya, ba da shekarun mutum ba.

Nura, bari in ƙara maka game da haɗin tashar da sauran hanyoyi, don mutane da yawa suna cakuɗa jirage biyu. Akwai jirgin Haramaini mai gudu, wanda aka buɗe a 2018, yana tashi daga Makka ya bi Jidda da filin jirgin sama ya kai Madina, kilomita 450. Shi yana aiki duk shekara. Tasharsa ta Makka tana unguwar Rusaifa, yamma da Harami, Minna kuwa gabas take. Babu layin dogo tsakanin su biyun, sai mota. Kamfanin jiragen ƙasa na Saudiyya ne ke tafiyar da na Masha'ir yanzu. Kafin nan kamfanin Sin ɗin da ya gina shi ya riƙe shi, wani kamfanin Maleshiya mai suna Prasarana ma ya riƙe shi daga 2015 na 'yan shekaru.

Batun mako guda kuma, haka ne. Daga wajen 7 ga Zulhajji zuwa 13. Sauran shekara Minna babu kowa sai tantuna da masu gadi, wa zai ɗauka? Amma watanni kafin hajji za ka ga jiragen suna kai da kawo babu fasinja, ana gwaji. A cikin makon nan kuma, a shekarun baya-bayan nan, adadin hawan da ake yi yakan kai wajen miliyan 2, don mutum ɗaya yana hawa sau da yawa.

Injiniya Bashir:
Ka tuna mini wani abu Abu Yasir. Burin kai jirgin ƙasa Makka ya girmi ƙasar Saudiyya kanta. Sarkin Musulmin Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya fara layin Hijaz daga Dimashƙa a 1900, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe da dama. Ya iso Madina a 1908, a nan ya tsaya, yaƙin duniya na farko ya lalata shi. Tashar tana nan a Madina an mayar da ita gidan tarihi. Sai bayan shekara ɗari da 'yan kai jirgin ƙasa ya fara tafiya a yankin Makka, kuma wannan na Masha'ir ɗin ne.

Musa Kawo:
Wani abin da ya kamata mu sani, CCECC da ya gina mana layin Abuja zuwa Kaduna da jirgin cikin garin Abuja reshe ne na wannan CRCC ɗin. Su a can ƙasa da shekara biyu. Namu na Abuja an buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 aka farfaɗo da shi.

Sadiya M.:
Malam Musa wannan zance ne na wata rana, in muka shiga ba za mu fito ba. Ni ina nan kan maganar Hajiya. A 2024 hukumomin Saudiyya da kansu sun ce mutum 1,301 suka rasu, yawancinsu marasa takardar izinin hajji da suka yi doguwar tafiya cikin rana, zafi ya haura digiri 50 a Makka. Wato yanzu tafiyar ƙafar kanta tana kashe mutane ko babu turmutsitsi. Abin da ya kamata wakilanmu na Najeriya da Nijar su riƙa nema a teburin tattaunawa ba abinci da katifa kaɗai ba ne. Su nemi a ware wa tsofaffi da marasa lafiya wani kaso na tantunan da ke kusa da tasha, ko da sauran tawaga tana nesa.

Abu Yasir (Makka):
Wuraren tanti a Minna an kasa su shiyya-shiyya, kowace da farashinta, kuma wanda ya riga biya shi ke riga zaɓa. Ƙasar da maniyyatanta suka kammala biyan kuɗi da wuri ta fi samun damar wuri mai kyau. Don haka rabin maganar tana can gida, a lokacin da ake tara kuɗin kujera.

Hajiya Rabi:
To wannan ya kamata a riƙa faɗa wa mutane a wurin bita, don da yawa suna jan ƙafa sai wa'adi ya kusa. Abu Yasir, ƙanwata tana da niyya bana kuma gwiwa ta matsa mata. In ba a sa su a tsarin jirgi ba, keken guragu yana hawa gadar jifan?

Abu Yasir (Makka):
Yana hawa Hajiya. Hanyoyin shiga gadar gangare ne ba matakala ba, akwai kuma matakala masu tafiya da kansu a gine-ginen da ke gefenta. Ta taho da nata keken daga gida ko ta saya a Makka kafin ranar 8 ga Zulhajji, ta kuma samu wanda zai tura ta tun daga tanti. Su bi lokacin da aka rubuta wa tantinsu, kada su fita da zawali. In kuma jikin ya ƙi, Malam Habu zai yi mata bayanin wakilci.

Malam Habu Zariya:
Ta turo tambayar ta hannunki Hajiya, don akwai bambanci tsakanin mazhabobi kan ko wakilci yana jawo yanka, kuma sai na ji halin da take ciki kafin in ba ta amsa.